Ranar Da Aka Ɗauke Farantin Baba

A liyafar da makarantarsu ta shirya a wani babban otal suka fara haɗuwa. Malama ta zauna gaban cokula uku da wuƙaƙe biyu, ta rasa ta inda za ta kama. Ma'aikacin da ke zuba mata ruwa ya ɗan sunkuyo, murya ƙasa-ƙasa, ya ce ta fara da na waje. Ta ɗago za ta harare shi, sai hararar ta ƙi fitowa.

Kafin wata uku wayarta ta daina hutawa. Tana ce masa Ɗan Gayu, yana ce mata Gimbiya.

"Gimbiyata, yau mutum arba'in na yi wa hidima, babu wanda ya iya riƙe cokali kamar ke."

"Daɗin baki. Ka zo ka gaida Baba kawai."

Baba kuwa, tsohon direban tirela, ya yi tsalle ya dire. Ya ce 'yarsa ba za ta auri mai rusuna wa mutane da faranti ba, alhali ga ɗan amininsa mai aikin ofis yana jira. Da maganar ta kai kunnen Ɗan Gayu sai ya yi ɗif har mako guda, a zatonsa ta karkata ga na ofis. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ta tura masa saƙo:

"In ka janye, ka faɗa min. In ba ka janye ba, ka zo ranar Asabar da kayan aikinka. Baba bai taɓa ganin aikin da yake rainawa ba, zan kawo masa shi har falo."

Ya zo tun da hantsi. Suka janye kujerun falo, suka ɗauko teburin ɗinkin Mama, suka lulluɓe shi da sabon farin zanen gado da Mamar ta goge da hannunta tana cewa ita fa babu ruwanta. Ya jera faranti da cokula yana auna tazararsu da yatsa, ya naɗe adiko kamar fure. Malama ta shiga kicin ta ɗora girki.

Da ƙyar Baba ya zauna, fuska a murtuke. Aka kawo romon kayan lambu, ya shanye tas yana cewa gishiri bai ji ba. Aka kawo gasasshen kifi da dankali. Ya ci rabi, ya haɗa wuƙa da cokali mai yatsu ya ajiye a faranti, ya gyara murya zai yanke hukuncin da ya zo da shi.

Kafin ya buɗe baki, farantin ya ɓace daga gabansa. A otal, haɗa wuƙa da cokali wuri ɗaya alamar an gama ce, hannun Ɗan Gayu kuma, saboda sabo, ya ɗauke kafin ya yi tunani. Sai da ya kai ƙofar kicin ya gane ɓarnar da ya yi, ya sandare a wurin.

Baba ya dubi Mama, ya tambaya ko wannan ce tarbiyyar da ake ta yabo, a ƙwace wa dattijo abinci a gidansa.

Malama ta fito daga kicin. Ta tsaya gaban Baba. Ta bayyana masa alamar, sannan ta ce, "Baba, shekara biyar da barinka tuƙi, amma har yau in an ɗauko ka a mota ƙafarka neman birki take yi. Shi ma aikinsa ne ya shiga jikinsa. In nasa abin raini ne, to naka da ka ciyar da mu da shi fa? Ka yi haƙuri, ni shi nake so, ba zan auri wani ba."

Baba ya daɗe yana duban ƙafarsa ta dama.

"Kai, yaro," ya ce can. "Dawo min da kifina. Ka jawo kujera ka zauna. A gidana suruki ba ya tsayawa a bayan mutane."

Ɗan Gayu ya zauna a gefen kujera kamar za ta cije shi. Mama ta tashi da kanta ta zuba masa ruwa.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Da za su tafi, Baba ya riƙe hannun surukinsa ya ƙi saki, idonsa ya kawo ruwa.

"Ka kula min da ita yadda kake kula da baƙinka. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya."