Ranar da Ruwaida Ta Sauke Jere

Ruwaida na zaune a bakin gado tana fifita da murfin kwali, zufa na bin wuyanta, ɗaya hannun riƙe da waya. Kwananta ashirin ke nan a Kebbe a matsayin amaryar Malam Shafi'u, malamin firamare, kuma a kwana ashirin ɗin nan ba ta taɓa ganin tagar ɗakinta ba. Tagar tana nan fa. 'Yan jeren da suka zo daga Tambuwal ne suka jingina mata wadirob mai ƙofa huɗu, don nan kaɗai ya samu shiga. Sauran bangon kuwa shogilas biyu suka cinye, cike da tangaran da kuloli, samansu an ɗora samiru da kwalla har suna taɓa silin. Wanda zai je bakin gado sai ya bi a karkace.

Shafi'u ya yi sallama ya shigo, gwiwarsa ta bugi teburin tsakiya kamar kullum.

"Sannu Malam. Zo ka ga wani abu," ta ce tana danne dariya. Ta miƙa masa wayar tana nuna masa hotunan aikin masu zanen ɗaki. "Wagga 'yar Abuja ce, ita dizain ɗinta simful ne: farin bango, kujera guda, sai tukunyar fulawa. Ba ta son tarkace ko kaɗan. Wanga kuma Bakano ne, da kayanmu na gida yake aiki, tabarma da faifai da ƙwarya, amma dubi yadda wurin ya fito."

Shafi'u ya duba hoton, ya duba ta. Shi a ganinsa babu zanen ɗakin da ya kai kyan fuskar da ke haskawa a gabansa, sai dai ba ya cikin masu iya faɗin irin wannan.

"Ɗakinki ne, amarya. Abin da kinka ga ya dace ki yi. Ni dai a bar mini hanyar wucewa, gwiwata ta gaji."

Da wannan izini Ruwaida ta ɗaura ɗamara. Ranar Asabar su biyu suka tura wadirob zuwa ɗaya ɗakin da Shafi'u ke ajiye gero. Ta sauke kwanuka ɗaya bayan ɗaya, ta naɗe su da tsumma ta zuba a kwalaye, shogilas ma suka bi sahu. Ta shafe bango da farar ƙasa, ta rataya madubi daidai saitin taga don haske ya ninku, ta sa labule mara nauyi. Faifai uku ta manna a bango, ta shimfiɗa tabarma, ta dasa ɗan ganye a tsohon tulu. Da iskar la'asar ta shigo ta kaɗa labulen, Ruwaida ta ji daɗin da ba ta ji ba tun ranar da aka kawo ta.

Abu ɗaya ne masu zanen ɗakin waya ba su gaya mata ba. A ƙasar nan, amarya ba ta sauke jere sai da dalili, kuma dalilan da mutane suka sani biyu ne kacal: ko auren ya ƙare tana haɗa kayanta, ko kuwa miji ya ci amana ya kai kayan kasuwa.

Matan unguwa ba su gama zuwa ganin ɗaki ba. Wasu uku suka zo ranar Lahadi, suka zauna a tabarma, idonsu na yawo a bangon da babu ko murfin langa. "Masha Allah, ɗaki ya yi," suka ce, suka fita suna taɓa juna. Magana kuwa zarar bunu ce. Kafin kwana biyu ta rabu gida biyu: reshe ɗaya ya nufi Fakku wajen Inna Abu, mahaifiyar Shafi'u, ɗaya ya bi waya har Tambuwal.

Ranar Laraba da hantsi Inna Abu ta sauka daga kan babur. Ruwaida ta durƙusa tana gaishe ta, amma tsohuwar ta tsaya a ƙofar ɗaki ta kasa shiga.

"Ashe gaskiya ne," ta ce a hankali. "Ɗiyar ga, mi munka yi miki? In shi ya ɓata miki, ai ni ya kamata ki gaya ma, ba ki haɗa kaya ba."

Ruwaida ba ta gama fahimtar zancen ba, sai ga ƙarar mota a ƙofar gida. Goggo Hinde ce, ƙanwar mahaifinta, wadda ta jagoranci jeren da hannunta. Shatar mota ta ɗauko tun daga Tambuwal, hanya ta girgiza ta, ta iso da zafinta. Ta leƙa ɗakin sau ɗaya, ta dafe ƙirji.

"Inna lillahi. Ko cokali bai bari ba. Ruwaida, ɗauko mayafinki. Babanki ya ce in na iske haka ne, in zo mai da ke."

"Wa za ki tafi da ita?" Inna Abu ta tambaya. "Ɗiyarku ce ke shirin gudu, kuma ki zo ki aza ma ɗana laifi?"

"Gudu? Kayan da munka jera da hannunmu, ƙafa sunka yi? A kira shi ya faɗa mana kasuwar da ya kai su."

Daidai nan Shafi'u ya shigo, don an je makaranta an ce masa gidansa ya cika. Maganar ƙarshe ta shiga kunnensa sarai. Ruwaida ta ga yadda fuskarsa ta sauya, abin ya soke ta, domin mutumin nan ko kwano ɗaya bai taɓa ba sai da ta ce ya kama mata. Kalma ɗaya ta ishe shi ya wanke kansa: ya ce ita ta sauke. Bai faɗa ba. Ya durƙusa ya gaida Goggo, ya gaida Inna, sannan ya ce, "Goggo, ku yi haƙuri. Da sanina anka yi komi. In da laifi, nawa ne."

"To ka ji," in ji Goggo. "Tashi mu tafi."

Hawaye suka ɓalle wa Ruwaida. Ta ga mota a ƙofa, ta ga mijin da ya ɗauki kayan da ba nasa ba, ta tabbata in ta taka motar nan, ko an dawo da ita daga baya, sunansa ya riga ya ɓaci a garuruwa biyu.

"Wallahi Goggo ni ce. Bai sai da komi ba, kuma ba inda za ni, Inna. Don Allah ku zo ku gani."

Ta buɗe ɗakin gero. Ga wadirob, ga shogilas, ga kwalaye a jere. Gani ya kori ji. Goggo Hinde ba ta yarda da gani kaɗai ba, sai da ta buɗe kwali bayan kwali tana dubawa. Inna Abu ta sauke ajiyar zuciya ta zauna a kan buhu tana hamdala.

Sai dai Goggo ba ta huce ba. Fushin ne ya tafi, ɓacin rai ya maye gurbinsa. Ta ɗago wata samira tana jujjuya ta.

"Gara ma a ce sai da su anka yi, da na san da wa nika faɗa. Kin san shekara nawa uwarki tana tara waɗanga? Tun kina goye. In ta yi ƙuli-ƙuli ta samu riba, ba ta sayen zane, sai ta sayi kwano ta ɓoye ƙarƙashin gado. Don ranar da mata za su shigo ɗakinki su san ke ɗiyar gata ce. Shi ne kinka kai su wajen ɓeraye saboda wata 'yar waya."

Nan Ruwaida ta ji kunyar da ta fi ta ɗazu. Ita tarkace take gani, ba ta taɓa tunanin kowane kwano zanen da Mama ba ta ɗaura ba ne. Ta kama ƙafar Goggo tana kuka. "Ku yafe mini. Zafi ne ya dame ni, sai na ga abin ya yi kyau a hoto. Ban yi shawara ba. In kun ce a mai da su duka, yanzu za a mai da."

Inna Abu ce ta raba gardamar. Ta ce a fara komawa ɗaki a sha ruwa, rana ta yi. Suka zauna a tabarma, iska na shigowa ta taga tana busar musu da zufa. Babu wadda ta yaba a cikinsu, amma Goggo ta ɗan zame mayafinta ta miƙe ƙafa.

"Kawo wayar in ga waɗanda sunka ruɗe ki," ta ce.

Ruwaida ta nuna mata ɗakin 'yar Abuja. Goggo ta kawo fuska kusa, ta taɓe baki. "Wagga marainiya ce?"

Shafi'u ya juya kai yana tari. Da aka zo kan na Bakanon kuwa, Inna Abu ta karɓi wayar ta daɗe tana kallo.

"Wanga ya san abin da yake yi. Amma ai ba sabon abu ba ne. Haka ɗakin uwata yake a Fakku, farar ƙasa da faifai da jeren ƙorai. Sai dai ita ba ta barin bango tsirara. Takan gina ɗan dandamali ta aza abin da ta fi so, kaɗan, kowa ya shigo ya gan shi."

"To a yi haka mana, Inna," Ruwaida ta ce tana share ido.

Kafin azahar Shafi'u ya samo katako biyu ya kafa a bangon da ke fuskantar ƙofa. Goggo ta naɗe hannun riga ta koma aikinta na jere, wannan karon tana tambayar mai ɗakin. Shogilas ɗaya ya dawo kusurwa da tangaran a ciki. Wadirob dai an yi ittifaƙi ya zauna da gero. A kan katakon aka ɗora samiru huɗu masu zanen fure, farin bango ya fito da kalarsu yadda ba su taɓa fitowa ba lokacin da suke cunkushe.

Goggo ta ja baya ta ƙare wa aikin kallo, sannan ta juya ga Shafi'u. "Malam, na faɗa maka magana mai nauyi. Ka yafe ma tsohuwa."

"Ba komi Goggo, ai ɗiyarku kuka nema ma mutunci."

Kafin ta shiga mota ta sa aka ɗauki hoton ɗakin aka tura Tambuwal. Ba a jima ba wayar Ruwaida ta yi ƙara. Mama ce. Ruwaida ta ɗauka, ta fara ba da haƙuri, Mama ta katse ta.

"Na gani, ya yi kyau. Amma akwai wata ƙaramar samira, mai ɗan tsatsa a baki, ban gan ta ba."

"Tana kwali, Mama. Na ga ta tsufa."

"Ki fiddo ta ki aza a tsakiya. Ita na fara saye, ranar sunanki."

Ruwaida ta ajiye wayar ta nufi ɗakin gero, Shafi'u ya bi ta ya riƙe mata bakin kwalin har ta samo ta.

Gyaran ɗaki ba laifi ba ne, kuma ba sai da tarin kaya wuri yake kyau ba. Amma duk yarinyar da za ta taɓa abin da iyaye suka jera mata, ta fara tambayar yadda aka yi ya zo hannunta. Shi kuwa namijin da ya iya haɗiye zargi don ya rufa wa matarsa asiri, Allah ba ya barin sa ya kwana da kunya.