Mai Harɗe Hannuwa a Ƙirji

Ni na tsara wasan, ni na kafa dokar: duk wanda ya harɗe hannuwa a ƙirji ya zama ɓoyayye, kowa ya yi kamar bai gan shi ba. Abokina Radim kaɗai na ba wannan damar.

Da dare muna lungunan tsohon birnin Prag cikin baƙaƙen riguna, muna wasan kwaikwayon fatalwa masu shan jini, sai ga wani dogo a bayan abokiyar wasanmu Vendula, hannuwa a harɗe. Duk inda ta yi yana biye. Kowa ya kau da kai yadda na koya musu.

Haushi ya ishe ni, na kira Radim a waya.

"Kai, ka ƙyale Vendula ta sarara. Ka ɓata min wasa."

"Wane wasa? Ina gida, mura ta kayar da ni."

Na ɗago kai. Bakin kowa na fitar da tururin sanyi, ban da na dogon nan. An naɗe yatsunsa da carbi, yadda muka yi wa kakana a akwatin gawa.

"Vendula, wa ke bayanki?"

Ta yi murmushi, ta nufi lungun da babu fitila.

"Ba kowa mana. Ai na san doka."