Tsutsar da Ta Kusa Sa a Binne Marmaro

A unguwarmu, can bayan garin Kumbo, akwai wani marmaro a gindin dutse. Ruwansa sanyi ƙalau. Kowa nan yake ɗiba.

Wata safiya Kinyuy, 'yar aji biyar, ta je ɗebo ruwa. Ta ɗaga wani dutse don ta girke jarkarta. Sai ga wani ɗan abu baƙi manne a ƙarƙashinsa. Bai fi ƙwayar shinkafa ba. Yana silalawa a hankali.

Ta kwashe shi a gwangwani da ɗan ruwa, ta ruga gida.

"Mama! Matsattsaku a marmaro!"

"Kin tabbata?" in ji mahaifiyarta.

Kinyuy ba ta taɓa ganin matsattsaku ba. Labarinsa kawai take ji, wai yana shan jini. Amma ta ce, "Na tabbata mana!"

Kafin rana ta take, magana ta zaga unguwa. Mai unguwa ya hana ɗiban ruwa, kada abin ya maƙale wa wani yaro a wuya. Ya ce ranar gayya, nan da mako biyu, za a cike marmaron da duwatsu. Mata suka koma rafin kwari. Ga nisa, ga hawa, ga ruwan ja.

Kinyuy ta ɗauko reza ta raba mugun biyu. Gaba ya yi dama, baya ya yi hagu. Ta tura gwangwanin ƙarƙashin rumbun masara, tana ƙara ruwa, tana jiran su mutu.

Bayan kwana goma ta leƙa. Biyu ne, duka da rai, kowanne da nasa kai!

Yayanta Fonyuy ya fashe da dariya. "Ke dai gwana ce! Kin tashi kisa, kin yi masa ƙane."

Ta tsoma yatsa a tsorace. Babu cizo. Ta juya gwangwanin, ta nemi baki a kawunansu, ba ta gani ba.

"Yaya, to mene ne wannan?"

"Ni kike tambaya? Ba ke ce mai tabbatawa ba?"

Kanta ya ɗaure. Ta kasa cin tuwo. Washegari ta kai wa malamin ajinsu, Malam Wirngo, gwangwanin. Ya miƙa mata madubin ƙara girma.

"Me kika gani?"

"Idanu biyu, Malam. Harara-garke gare shi!"

"Jikin fa? Gaɓa-gaɓa ne?"

"A'a. A shimfiɗe yake kamar ganye."

"Matsattsaku gaɓa-gaɓa ne, yana da abin tsotso gaba da baya. Wannan daga dangin tsutsotsi masu faɗi take. In an raba ta, kowane ɓari yakan sake zama cikakkiyar tsutsa. Bakinta a tsakiyar ciki yake."

"Baki a ciki? To da me take shan jini?"

"Ba ta sha. Wasu danginta na zama a jikin dabbobi, ita kuwa ƙananan halittun ruwa take ci. Irinta ta fi son ruwa mai sanyi, mai tsabta."

Kinyuy ta sunkuyar da kai. "Malam, ka gaya wa mai unguwa."

"Zan raka ki. Amma ke za ki faɗa."

Ranar gayya maza suka tara duwatsu. Kinyuy ta fito gaban mai unguwa, ta miƙa masa gwangwanin da madubin Malam.

"Baba, ban san matsattsaku ba. Cewa kawai na yi na tabbata. Ku yafe mini."

Mai unguwa ya daɗe yana leƙa madubin. "Kai! Wannan ni take harara?"

Aka kwashe da dariya. Duwatsun da aka tara, da su aka gyara bakin marmaron. Kinyuy ta mayar da tsutsotsin biyu ƙarƙashin dutsensu, ta cika wa Mama jarka.

Daga ranar ta gane: in ba ka san abu ba, ka ce ba ka sani ba, ka tambayi wanda ya sani.