Zare Arba'in da Takwas

Sau uku ta karanta takardar daga sama har ƙasa, ba ta ga sunanta ba.

Ga sunan Farfesa, shugaban ɗakin bincikensu, a farko. Ga na 'yarsa, wadda ko wata takwas ba ta yi da zuwa ɗakin binciken ba. Ga kuma na Likita, mutumin da ya shekara huɗu yana sintiri gidansu neman aurenta. Takardar rajistar ƙirƙira ce, wadda za ta shaida wa duniya waɗanda suka ƙera abin.

Auta ta ɗago kai a hankali, ta dubi Likita.

"Wannan sa hannunka ne?"

"Masoyiya, ki bari in..."

"Tambayarka na yi."

Likita ya shafa fuska da tafin hannu. Idanunsa sun yi ja, har yanzu da shatin takunkumin tiyata a kumatunsa.

"Nawa ne. Na fito daga tiyatar awa tara, 'yar Farfesa ta miƙo min, ta ce shafin ƙarshe kawai zan sa wa hannu. Wallahi ban duba ba."

"Ba ka duba ba..."

Ta so ta ɗaga murya, sai ta tarar ba ta da ƙarfin yin hakan. Gajiyar shekara shida ce ta sauko mata lokaci guda, tun daga wuya har tafin ƙafa.

Injiniya ce. Shekara shida ta yi tana duƙe kan madubin ƙara girma, tana saƙa wata 'yar raga da zaren ƙarfe arba'in da takwas, kowanne bai kai kaurin gashin kai ba. Akwai mutanen da jijiyar jinin ƙwaƙwalwarsu ke kumbura gefe guda kamar balan-balan, ranar da ta fashe kuwa sai dai wani ba su ba. Ana zura ragar ta cikin siririn bututu daga cinya, a bi jijiya har cikin kai, a buɗe ta a bakin kumburin, jini ya miƙe hanyarsa ya daina cika shi. Ragogin da ake da su suna lanƙwashewa su toshe idan jijiyar ta yi kwana mai tsanani. Tata ba ta yi. Ita ta gano salon saƙar, bayan ta zubar da sama da ɗari uku a kwandon shara.

Ta cire farar rigarta ta rataye.

"Ina za ki?"

"Gida. Na gaji, Likita. Da kai, da raga, da kowa."

A bakin ƙofa ta yi kiciɓis da 'yar Farfesa, tana ƙamshin turare, riƙe da kofin shayi.

"Ayya, kin gani ashe," in ji ta da murmushi. "Kada ki damu, 'yar'uwa, kina shafin godiya. Masu aikin hannu ai can ake sa su. Ki gaida gida... ni ma anjima zan leƙa Umman Likita, ta ce kwana biyu ba ta gan ni ba."

Auta ta raɓa ta wuce. 

A gida, Yayarta ce ta fara.

"Ai na faɗa miki. Namiji ƙanin ajali. Uwarsa ba ta taɓa ɓoyewa ba, ta ce ba ta son macen da ta auri ƙarfe tun kafin ta auri ɗanta. Waccan take so. Ke kaɗai ce ba ki da ido."

"Yaya, don Allah..."

"Dubi yadda kika koma. Tabarau har biyu, baya ya ranƙwafe kamar tsohuwa, kuma ko sunanki babu."

Da Yaya ta gama, Baba ya ɗago kai. Tsohon tela ne, ya san abin da ake nufi da a ɗinka riga wani ya ce shi ya yi.

"Auta," ya ce, "wanda bai duba sunanki a takarda ba, ban san abin da zai duba miki a gidansa ba. Kada ya ƙara tako min ƙofa."

Mako uku ta yi ba ta fita ba. Ta kashe waya. Barci take yi kamar mai jinya, ta farka da gajiyar da ta fi ta jiya. Wani lokaci sai ta ga yatsunta suna motsi kan zanin gado, suna saƙar abin da babu. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne, ko a cikin fushin, tana son sanin ko ya ci abinci.

Ranar wata Talata da hantsi ta jiyo muryarsa a ƙofar gida, da muryar Baba a kanta.

"Na ce kada ka dawo."

"Na ji, Baba, kuma ban zo da maganar kaina ba. Mara lafiya ce. Minti biyar nake roƙo, kana tsaye."

Ta fito da mayafi. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Bai kalle ta ido cikin ido ba, ya dai shimfiɗa hotunan kai a kan teburin yankan Baba.

"Malamar makaranta ce, 'ya'yanta uku. Kumburin yana daidai kwanar jijiya, babu ragar da za ta zauna a wurin sai taki. Kwamitin asibiti ya amince, ita ma ta amince. Jibi ne aikin. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya da awon da aka ba ni."

Ba ta so ta duba ba. Idonta ne ya riga ta.

Ta ɗauki hoton ta ɗaga shi wajen haske, ta karanta lambobin da ke gefe. Sai ta sake karanta su.

"Wa ya zaɓi wannan tsawon?"

"'Yar Farfesa. Daga jadawalinki ta ɗauka."

"Tsohon jadawali ne. Jijiyar nan tana da faɗi, idan ragar ta buɗe sosai tsukewa za ta yi, ta gajarce. Bakinta zai zame ya faɗa cikin kumburin." Ta ajiye hoton. "Da kun kashe ta, Likita."



Baba ne ya miƙo mata fensirin da ke kunnensa.

"Gyara musu," ya ce. "Rai ba ya jiran a shirya."

Ta gyara awon. Sannan ta ce ba wanda zai ɗura ragar cikin bututu sai ita, da hannunta.

"Don malamar zan zo," ta ce masa. "Kada ka ɗauka wani abu ne."

"Na sani."

Ranar aikin, da safe, ta tsaya bayan gilashi sanye da rigar kariya mai nauyi da ke danne mata kafaɗa. Farfesa yana gefe, fuska a ɗaure. 'Yarsa ba ta zo ba, wai kanta na ciwo. A allon, jijiyoyin malamar sun fito baƙi-baƙi kamar saiwar bishiya, ga kumburin nan ya yi tsaye kamar 'yar ƙwallo. Bututun ya riƙa hawa a hankali, hannun Likita na tura shi kaɗan-kaɗan.

Ya kai kwanar.

"Injiniya," ya ce ba tare da ya juyo ba, "nan?"

"Ƙara gaba kaɗan... tsaya. Saki a hankali. Kada ka ja."

Ragar ta fara buɗewa. Ta bi kwanar, ta kwanta jikin jijiyar luf, bakinta ya zauna inda aka so. Aka tura ruwan da ke haska jini. Ya bi hanya ya wuce, ɗan abin da ya shiga kumburin ya tsaya cik, ya daina juyawa.

Wani ya sauke ajiyar zuciya. Auta ta nemi kujera ta zauna.

Bayan azahar malamar ta farka. Ta motsa hannu, ta motsa ƙafa, ta tambayi ko an ɗauko ƙaramar 'yarta daga makaranta.

Auta tana zaune a baranda, ta jingina kai da bango, babbar nas ta zo ta zauna kusa da ita tana murza gwiwa.

"'Yata, kin san an sauke shi daga shugabancin sashe?"

"Wa?"

"Mutumin naki mana. Washegarin tafiyarki ya rubuta wa ofishin rajista, ya ce a cire sunansa, ya haɗa da littattafan aikinki na shekara shida, shafi-shafi. Aka bincika, aka gano takardar farko da sunanki ta fita, yarinyar nan ce ta sauya shafin. Farfesa ya ce ya tona wa gidansa asiri. Yau ɗin nan ma don babu mai hannunsa ne aka bar shi ya yi."

"Bai faɗa min ba..."

"Na ce ya faɗa. Ya ce ba zai sayi yafiya da abin da dama haƙƙinki ne ba." Ta miƙe tana dafa ƙugu. "Ni dai na tsufa da ganin masu taurin kai, amma ku biyun nan kun kai."

Ta same shi a ɗakin canza kaya, zaune a ƙasa, ya miƙe ƙafafu, hular aiki a hannu. Ya yunƙura zai tashi.

"Zauna," ta ce. Ita ma ta zame ta zauna nesa kaɗan.



"Ba makircinta ne ya fi yi min ciwo ba," ta ce daga baya. "Kai ne. Kullum kana cikin gajiya, kullum ni ce abin da za a duba daga baya."

"Gaskiya ne."

"Ba za ka kare kanka ba?"

"Da me? Na saba ke ce ba kya ƙorafi, sai na mayar da haƙurinki katifa." Ya sunkuyar da kai. "Ki yafe min, hasken idona. Ko ba ki dawo ba, ki yafe min."

Hawayen da ta riƙe mako uku suka zubo, ba ta share ba.

"Ummanka fa?"

"Na gaya mata, ko ke ko in tsufa a ɗakin nan. Ta yi kwana huɗu ba ta amsa gaisuwata ba. Jiya ta tambaye ni wai kina cin yaji."

Dariya ta kuɓuce mata cikin kukan.

"Sai ka je ka shawo kan Baba. Ni ba ruwana."

Wata biyu ya yi yana zuwa shagon Baba yana zama kan benci, kafin tsohon ya ce masa, "To, turo manyanka." Yaya ta yi ta mita har ranar ɗaurin aure, sannan ta fi kowa kuka. Rajista ta fito da sunan Auta a farko. Shi kuwa ba a mayar masa da kujerarsa ba, bai kuma nema ba.

Sati na biyu da tarewa, suka dawo daga aiki tare da yamma, an yi wa mutum na huɗu dashen ragar.

"Wa zai ɗora tukunya?" ta tambaya tana zubewa kan doguwar kujera.

"Ni, abar ƙaunata... bari in ɗan rufe ido."

Ko ƙofa ba su tura ba.

Cikin barci ta ji ana taɓa ƙafarta. Ta buɗe ido da ƙyar. Umman Likita ce, ta ajiye kulolin abinci a kan tebur, ta duƙa tana kwance mata igiyar takalmi. Ɗanta yana can ƙasa kan darduma yana minshari.

Auta ta zabura za ta tashi, kunya ta rufe ta.

"Umma, sannu da zuwa, ban ji..."

"Kwanta," in ji tsohuwar, fuska ba yabo ba fallasa. Ta zare ɗayan takalmin ta ajiye gefe, ta jawo mayafi ta lulluɓe ta. "Kwanta, 'yar nan. Abincin ba zai gudu ba."