Ranar da Auta Ta Buɗe Ƙofar Filashi

A ɗakin kwamfuta na makarantar su Auta akwai kwamfuta ashirin da huɗu. Dukkansu a haɗe suke da wata babba da ke kan teburin Malam. Daga nan yake saka musu dokokin tsaro. Duk dokar da ya saka a babbar, sai sauran su bi.

"Ba a saka wasa, ba a ba kowa kalmar sirri, ba a soka filashi," in ji Malam kullum. "Ko kun soka ma, ba za ta karɓa ba. Na rufe ƙofar."

Ranar Laraba ce ranar miƙa aikin ƙarshen zango. Kowa ya yi sati uku yana rubuta nasa. Auta ta yi nata a kan tsuntsaye, amma hotunan suna cikin filashin yayanta, ɗan abin nan da ake sokawa a kwamfuta don kwafar bayanai.

Ana tsakiyar darasi aka aiko kiran Malam ofis. Ya fita da sauri, ya bar babbar kwamfuta a buɗe.

Auta ta dubi ƙofa, ta dubi teburin. Ta sha ganin inda Malam yake dannawa.

"Ke, kar ki soma!" ƙawarta ta ce a hankali.

"Minti ɗaya ne fa. Tawa kaɗai zan buɗe wa."

Ta lallaɓa kamar mai neman alli. Ta nemo layin filashi. An rubuta "A hana." Ta danna, ya koma "A bari." Ta dawo ta soka filashin, hotuna suka fito. Har ta yi murmushi.

Can sai wata yarinya a layin baya ta yi ihu. "Wayyo! Aikina ya ɓace!"

"Nawa ma ya ƙi buɗewa!" in ji wani.

Auta ta duba nata. Sunan aikin ya koma wasu haruffa marasa kan gado. Ta zare filashin ta cusa a aljihu.

Malam ya shigo ya tarar da aji ya kaure. Kallo ɗaya ya yi wa allon kwamfutarsa, ya durƙusa ya fizge wayar da ta haɗa su duka.

"Kowa ya ɗauke hannunsa! Bairos ne ya shigo, ƙwayar cutar kwamfuta. Wani ya canza dokar filashi. Wa ya taɓa nan?"

Ɗalibai suka kalli juna.

"Ina bukatar sanin kwamfutar da ya fara shiga," in ji Malam. "In ban sani ba, sai na goge dukkansu. Aikinku na sati uku kuma ya tafi ke nan."

Yarinyar layin baya ta fashe da kuka. Ƙawar Auta ta sunkuyar da kai. Auta ta dubi yarinyar da ke kuka. Ta miƙe da ƙyar.

"Malam, ni ce. Ta lamba tara ce." Ta ajiye filashin a teburi. "Na ɗauka tawa kaɗai na buɗe wa."

"'Yata, dokar nan ba ta mutum ɗaya ba ce. Da kika danna, kwamfuta ashirin da huɗu kika buɗe wa ƙofa. Bairos ɗin da ke cikin filashin nan ya bi ta nan ya shiga dukkansu."

Ya ware ta lamba tara gefe, ya fara wanke sauran ɗaya bayan ɗaya. Aka kaɗa ƙararrawar hutun tara, amma ba wanda ya fita. Auta tana tsaye, hawaye na zuba.

Daga ƙarshe Malam ya ɗago. "Alhamdu lillahi. Na ceto na kowa, ban da na lamba tara. Naki sai kin sake daga farko."

Aji ya ɗauki sowa. Auta ta juya ta ce, "Don Allah ku yafe mini."

"Mun yafe," in ji yarinyar layin baya, tana share ido. "Amma kin kusa tsayar min da zuciya!"

Malam ya kira Auta gaban babbar kwamfuta. "Mayar da dokar da hannunki."

Ta danna "A hana."

"Ni ma da laifina," in ji shi. "Na fita ban kulle ba." Nan take ya ƙara sabuwar doka: duk kwamfutar da aka bari minti biyu, ta kulle kanta.

Kwana huɗu Auta ta yi tana sake aikinta a lokacin tara, ƙawarta na taya ta. Da ta miƙa, Malam ya karanta ya ce, "Madalla. Me kika koya?"

"Dokar tsaro don kare kowa aka yi ta, Malam. Ba zan sake taɓa abin da ba a ba ni izini ba. In kuma na yi kuskure, zan faɗa da wuri."