Kunnen Dama

Gyara aka kira shi ranar da ya fara ganinta. Shagon dogon ɗaki ne marar taga, injuna uku a jere, kowanne da kai shida, suna buga tambari a goshin huluna: na makarantu, na 'yan ƙwallo, na masu gadi. Ƙarar da ke cikin ɗakin nan kuwa, sai wanda ya shiga.

Yana cikin dube-duben inda matsalar take, wata siririyar budurwa ta matso ta ɗaga murya.

"Kai na huɗu ne. Allurar tana gogar ƙarfe."

"Kin buɗe kin gani?"

"Ji na yi."

Ya buɗe, ya tarar haka ne. Ya ɗago ya dube ta, ya manta da sukundireban da ke hannunsa.

Mai Kunne ake ce mata a shagon. Shekara bakwai tana kan injin, tun tana 'yar sha bakwai. Kafin zare ya cukurkuɗe ko allura ta karye ta yaga hula, sautin injin yakan ɗan canja, ita kaɗai ke jin wannan canjin, ta tsayar da shi kafin a yi ɓarna. Saboda kunnen nan mai shago yake ji da ita. Shi kuwa Makanike, tun daga ranar injunan shagon suka zama masu yawan ciwo. Ko ba a kira shi ba sai ya zo duba mai.

Hira ba ta yiwuwa a cikin wannan ƙara, sai suka koma waya. Yana tsugune taku biyar daga inda take, saƙo zai shigo mata:

"Alharinina, kin ci abinci kuwa?"

"Injiniya, ka gyara abin da ya kawo ka."

"Abin da ya kawo ni lafiyarsa ƙalau. Ga shi can yana hararata."

Sai ta sunkuyar da kai tana ɗaura hula a ƙarfe, tana dariyar da babu mai jin ta.

Abin da bai sani ba, an yi watanni wata ƙara tana bin ta har gida, siririya, kamar kukan gyare a cikin kai. Tun tana cewa gajiya ce har ta lura in ta kwanta a kan kunnen dama, duniya takan yi tsit. Tsoro ya kama ta sosai. Ba ta faɗa wa kowa ba, ko mahaifinta. Ina za ta kai kanta, ita da aka sani da kunne? Idan maganar ta fita, aikin ya tafi, kuma a ganinta Makanike ma zai bi bayansa.

Wata Talata kai na biyu ya yi ta tauna zare ba ta ji ba, har huluna goma sha biyu na wata makaranta suka yage. Mai shago ya tsaya a kanta yana duban ta kamar an canja masa ita.

"Soyayya ce ta toshe miki kunne?"

Ta ce ya yi haƙuri. Doguwa, wadda ke kan injin da ke kusa da nata, ta taɓe baki. Doguwa ta riga kowa ƙyasa Makanike, kuma ba ta taɓa yafe wa Mai Kunne ba.

A makon ne mahaifiyar Makanike ta ce sai ta ga yarinyar da idonta. Ba ta sanar da kowa ba, ta zo lokacin hutun rana, injuna a kashe. Mai Kunne na zaune tana yanke ragowar zare da ɗan almakashi. Tsohuwar ta tsaya ta hagunta ta yi sallama. Shiru. Ta ce, "Sannu da aiki, yarinya." Shiru. Ta ƙara, da murya mai ɗan ƙarfi. Yarinyar ko ɗagowa ba ta yi ba.

Doguwa ta taso da kujera, tana russunawa. "Ki yi haƙuri, Umma. Haka take, ba kowa take amsa wa ba."

Umma ba ta zauna ba. Da Makanike ya koma gida ya tarar da ita ta cika ta yi fam.

"Da furfurata na gaishe ta sau uku, ta mai da ni bango. Muddin ni na haife ka, ba za ta shigo gidan nan ba."

Ransa ya ɓaci, har da ita Mai Kunnen, domin bai ga dalili ba. Ya rubuta mata:

"Me Umma ta yi miki? Ta zo har wurin aikinki, ta gaishe ki sau uku."

Mai Kunne ta karanta. Ba ta ma san an zo ba. Kalma ɗaya za ta wanke ta, amma kalmar ce take gudu. Ta share hawaye ta rubuta:

"Ka bi maganar Umma. Ka yafe min."

Kwana tara bai leƙa shagon ba. Ya rame, ya yi ta juya abin a ransa. Shi mutum ne da ya saba da inji, ya san abu ba ya lalacewa haka kawai. Ya tuna yadda kwanan nan take karkato da kai in ana mata magana, da yadda take kafe bakin mutum da ido. A rana ta goma ya zo da hutun rana, ya tsaya ta hagunta, ya ce a hankali, "Alharinina."

Ta ci gaba da yanke zare.

Ya faɗa da ƙarfi. Doguwa ta waiwayo daga can ƙarshen ɗaki, ita kuwa ko gezau. Ya zagayo gabanta ya tsuguna, da ta ga idonsa ta san ya gane.

"Tun yaushe?"

"An kusa shekara."

"Kika bar ni ina jin haushinki?"

"Gara ka ji haushina da ka ji tausayina."

Shi da mahaifinta suka kai ta asibiti. Likita bai ɓoye musu ba: na hagu ya tafi, ba zai dawo ba. Na dama ma ya taɓu. Idan ta bar ƙarar injin yau, zai iya kai ta shekara goma, zai iya kai ta biyu, Allah kaɗai ya sani. Mahaifinta ya fita waje don kada ta ga fuskarsa.

Ta je ta kwashe almakashinta da kofinta. Mai shago ya ce Allah ya sawwaƙe, yana faɗa yana nuna wa wata sabuwa yadda ake zura zare. Shekara bakwai ke nan, ko rakiya zuwa bakin ƙofa ba ta samu ba.

Makanike ya ɗauka da Umma ta ji gaskiya shi ke nan. Ina! Tsohuwar ta ce, "To, na yafe mata gaisuwar. Amma kurma za ka kawo min? Jariri ya yi kuka a ɗaki, wa zai ji?"

Da Mai Kunne ta ji wannan, ta ce ta gama ɓuya. Ta sa ya kai ta gidan, ta ce ya jira a waje. Ta durƙusa gaban Umma ta gaishe ta. Umma ta amsa a daƙile, ta kau da kai tana wata magana ƙasa-ƙasa. Yarinyar ta ga leɓɓan suna motsi, ba ta ji komai ba. Sai ta ja gwiwa ta juyo da ɓangaren damanta.

"Umma, ko zagina kike yi, don Allah ki faɗa ta nan. Ba na so ki sake yi min magana in yi shiru."

Umma ta juyo da kai. Ta daɗe tana duban wannan kunne da aka miƙo mata. Can ta sa gefen mayafi ta goge ido.

"Cewa na yi kin rame," in ji ta da ƙarfi. "Ba kya cin abinci ne?"

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Babu kiɗa, ango ya hana, ya ce ko lasifika ɗaya kada a kunna. Da aka kawo amarya, Umma ta ture matan da ke zaune, ta zauna ta damanta, ta kai baki dab da kunnenta.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari. Yaran kuma ni zan riƙa jiyo miki kukansu."

Mata suka amsa da amin, wasu na dariya, wasu na share hawaye.

Da la'asar mutane suka watse, ya rage su biyu. Ya ciro waya don ya tsokane ta kamar yadda ya saba, ta karɓe ta kife a kan gado.

"A'a, Injiniya. Rubutu yana nan zuwa, za mu yi shi har mu gaji. Kashe fankar nan ka yi min magana."

"Me zan ce?"

"Ko me. Ko sunayen kayan jakarka ne, ka faɗa min. So nake in haddace muryarka tun ina jin ta."

Ya kashe fanka, ya dawo ya zauna ta damanta. Ya fara da ƙyar. Ya yi ta magana har muryarsa ta dushe, ita kuwa ba ta ce ya isa ba.

Allah ya bar su tare, ya kuma daɗe bai karɓi wannan kunnen ba.