Sunan da Ya Ƙi Sharuwa

Bayan isha'i Tabitha kaɗai ta rage a ofishin wani kamfanin kifi a Baga Road, idanunta na yaji. Tun safe manhajarsu ta rikice: kome aka nema, sai ta fito da sunan Ba'ana, ma'aikacinsu da ya nitse a Tafkin Chadi bara. Ta share tsofaffin bayanan da manhajar ta riƙe, sunan ya dawo. In ba ta gyara ba, babu lodi gobe.

Sai ta ji warin laka. Wani dattijo na bakin ƙofa, rigarsa na ɗigar ruwa.

"Baba, mun tashi," in ji ta.

"Na sani, 'yata. Ni ne Ba'ana, kuma na gaji. Duk sanda kika share sunana, sai na sake takowa daga tafki in mayar da shi."